Elektron ɗaya tak da ya hana sodiyom zaman lafiya

Assalamu alaikum. Na baya can kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo: yadda elektron, wato 'yan ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, ke jeruwa a cikin atam, ƙwayar zarrar da komai ya ginu da ita, yadda atam ke kama ɗan'uwansa, na uku kuma mu ga inda lokaci zai kai mu.

A 1897 J.J. Thomson ya gano elektron a Ingila. A 1913 Niels Bohr, mutumin Denmak, ya ce ai ba barkatai suke ba, hawa-hawa suke zaune kamar bene. Hawan farko elektron biyu yake ɗauka, ba ƙari. Na biyu takwas. Ku riƙe takwas ɗin nan, a kanta ake rigimar: atam na neman hawansa na waje ya cika takwas.

Yanzu sodiyom. Ni fa ina son sodiyom, ku yi haƙuri da ni. Elektron 11 gare shi: biyu, takwas, sai ɗaya can sama shi kaɗai kamar maraya. Ɗayan nan ne ya hana shi zaman lafiya. Ƙarfe ne, amma wuƙa na yanka shi, a cikin mai ake ajiye shi, don in ya taɓa ruwa sai ya hau gudu a kai yana tartsatsi, wani lokaci har da wuta. Maƙwabcinsa iskar niyon mai elektron 10, biyu da takwas cif, ruwa ko kallo bai ishe shi ba. Elektron ɗaya ne tsakaninsu, jama'a. Ɗaya!

Kilorin kuwa 17 ne: biyu, takwas, bakwai, saura ɗaya ya cika. Iska ce mai guba, har makami aka yi da ita a 1915 a yaƙin duniya na farko. Mai neman inda zai yar ya gamu da mai neman tsintuwa. Sodiyom ya miƙa, kilorin ya karɓa, sodiyom ya zama mai cajin lantarki fozitif, kilorin mai negatif, suka manne wa juna. Me aka samu? Gishiri! Kuma ba bibbiyu suke tsayawa ba, kowane sodiyom kilorin shida ne kewaye da shi, shi ya sa sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Celsius gishiri ke narkewa.

Na huɗu... na nawa muke ne? Bar shi. Akwai waɗanda ba mai sakar wa wani, sai tarayya. Gilbert Lewis ya bayyana wannan a 1916. Oksijin na neman biyu, haidirojin biyu suka kawo ɗai-ɗai, ruwa ke nan. A ƙarafa kuma elektron na waje yawo suke ba mai su, shi ya sa wayar jan ƙarfe ke ɗaukar lantarki.

Ga hannu can. Bismillah, Malama.

"Malam, ya aka yi atam ya san takwas yake nema?"

Kin kama ni. Bai sani ba, ni na yi masa baki. Kamar ruwa ne da gangara, yanayin da ya fi ƙarancin kuzari shi ake faɗawa. Cire elektron ɗin sodiyom ma sai an kashe kuzari, jan da ke tsakanin sodiyom da kilorin a gishirin ne ke biya har da riba. Takwas ɗin ma tana karyewa: haidirojin, elektron biyu sun ishe shi. Zenon, wata iska irin niyon, da aka ɗauka ba ya haɗuwa da kowa, a 1962 Neil Bartlett ya haɗa shi. Mai kula da lokaci na hararata, a kawo sauran tambayoyin a rubuce.