Mutanen Samaru ku matso ku ji abin da ake tattaunawa a taron nan na Birmingham

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Zazzau, 'yan Samaru da Kongo, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da hayaniyar da kuke ji, hutun shan shayi aka bayar shi ne kowa ya fito lokaci ɗaya, bari in matsa kusa da taga. Yawwa. To ina Birmingham ne a Ingila, wajen wani taro na ma'aikatan jami'o'i, malamai da masu laburare da mutanen sashen kwamfuta, irin tarukan nan da ake yi duk shekara a kan fasaha a manyan makarantu, Amurka suna da EDUCAUSE, Landan akwai Bett da ake yi a watan Janairu, mu ma a nahiyarmu akwai eLearning Africa da ke yawo ƙasa-ƙasa. Sufabaizana ne ya ce in zo in buɗe ido, ni kuma na ce ba zan buɗe ni kaɗai ba.

Bari in juya kyamara. Kun ga layin rumfunan can, duk kamfanoni ne, kowa da alewarsa da biro na kyauta a kan tebur, kuma wallahi da ƙyar za ka samu allon da ba a rubuta AI a jikinsa ba. Ƙirƙirarriyar basira ita ce ta cinye taron nan kaf. Tun da aka saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022 malaman jami'a a ko'ina ba su sake samun barci mai daɗi ba, don ɗalibi zai zauna minti biyu ya fito maka da asainmen shafi biyar, turanci tsaf babu ko tuntuɓe, kai kuma ka san yaron nan a aji ko jimla ɗaya ba ya iya haɗawa.

To abin da ya sa na kunna kyamarar nan shi ne zaman da na fito yanzu, a kan manhajojin da aka ce suna gano rubutun da na'ura ta yi. Na san a gida akwai masu ganin ai da an sayo irin wannan shi ke nan an huta. Malamaina, don Allah ku saurara da kyau. Kamfanin OpenAI da kansa, masu ChatGPT ɗin, sun fitar da tasu manhajar ganowar a Janairun 2023, da bakinsu suka ce kashi 26 cikin ɗari kawai take kamawa na rubutun na'ura, zuwa Yuli na shekarar suka rufe ta saboda ba ta aiki yadda ya kamata. Jami'ar Vanderbilt a Amurka kuma a Agustan 2023 ta kashe ɓangaren gano AI na Turnitin, manhajar da ake duba satar rubutu da ita, suka yi lissafi mai sauƙi, suka ce a 2022 takardu kusan 75,000 ɗalibansu suka tura, ko da kuskuren kashi 1 ne cikin ɗari, takardu 750 ke nan da za a iya yi wa masu su ƙazafi.

Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne binciken da wasu masana na Stanford suka yi a 2023. Sun ɗauki rubutu 91 na masu jarrabawar gwajin turanci ta TOEFL, wato mutane irina irinku da ba da turanci aka haife mu ba, suka ba manhajoji bakwai su duba, sai ga shi kusan kashi 61 cikin ɗari an ce wai na'ura ce ta rubuta, alhali mutane ne suka zauna suka yi da guminsu. Rubutun yaran Amurka 'yan makaranta kuwa kusan duka ya wuce lafiya. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, manhajar tana duba ne ko kalmomin da aka jera masu sauƙin hasashe ne, shi kuma wanda ya koyi turanci a aji ai kalmomin da ya sani ya tabbatar su yake ta maimaitawa, ba ya kasada. To ku kawo yarinyar da ta taso a Giwa ko Soba, ta yi sakandaren gwamnati, ta kwana uku tana fama da babi na biyu na furojet ɗinta, ta rubuta da ɗan turancinta mai tsabta marar ado, a saka a na'ura ta nuna ja. Wa zai tsaya mata? Ita ba ta ma san yadda za ta yi musu da malami ba balle kwamiti. Shi kuwa ɗan wayon da ya sa na'ura ta rubuta masa ya kuma sa wata ta sauya kalmomin, ya wuce abinsa yana dariya. Ni dai ra'ayina, duk wanda ke da hannu a sayen kayan nan a gida ya riƙe kuɗinsa tukuna.

To me suke cewa a yi? Nan ne na yi ta murmushi ni kaɗai a kujerar baya. Wai a dawo da jarrabawa a zaure da biro da takarda, a kuma riƙa zaunar da ɗalibi a yi masa tambayoyi baki da baki a kan abin da ya ce shi ya rubuta. Jami'ar Sydney a Ostireliya ta raba abin hanya biyu, akwai gwajin da ake yi a gaban mai sa ido, akwai kuma aikin da aka yarda ka yi amfani da AI ɗin a fili. Manyan jami'o'in nan Ingila na Russell Group su ma tun Yulin 2023 suka fitar da matsaya cewa a koya wa ɗalibai da malamai yadda za su yi amfani da shi ta hanyar da ta dace. Na ce ikon Allah, ai wannan tambaya baki da baki ita ce karatun zauren da muka taso muka gani a cikin Birni, ka durƙusa gaban malam ka biya, ya tsayar da kai a tsakiya ya ce me wannan ke nufi, a nan ake gane wanda ya yi bita da wanda ya zo rakiya. Kuma difens ɗin furojet da muke yi a aji huɗu ai shi ne, sai dai mu yawanci mukan yi shi a gurguje ranar ƙarshe, ɗalibai a layi har bakin matakala, kowa minti biyar. Inda gizo ke saƙar shi ne yawa. Su nan suna maganar aji mai mutum talatin, mu a jami'o'in gwamnati ajin 'yan shekarar farko sai ka ga ɗaruruwa wasu a kan taga, ba yadda malami ɗaya zai zauna da kowa. Amma zai iya cewa a kowane asainmen zan zaɓi mutum goma ba tare da sanarwa ba su zo su yi min bayani, kuma maki yana kan bayanin. Wannan ko sisi ba ya ci, kuma tsoronsa kaɗai zai sa da yawa su karanta abin da suka miƙa.

Bari in ba ku labarin wata rumfa. Wani saurayi mai fara'a ya ja ni ya nuna min manhajar gadin jarrabawa daga gida, kyamarar laftof tana kallon idonka, in ka waiwaya ta rubuta, in wani ya yi magana a ɗakin ta rubuta, in fuskarka ta ɓace na ɗan lokaci ta ɗaga tuta. Na tsaya na kalla har ƙarshe, sai na ce masa to in aka ɗauke wuta ana tsakiyar jarrabawa fa, ko sabis ya gudu? Ya yi shiru, ya ce ai za a iya sake haɗawa in wutar ta dawo nan da 'yan mintuna. Ban ce komai ba, na karɓi birona na yi godiya. Ina tunanin ɗalibin da ke haya a Hayin Dogo su huɗu a ɗaki ɗaya, maƙwabci ya tayar da janareta, yara suna wasa a tsakar gida, ladan ya kira sallah, ai kafin ya gama tambaya ta farko manhajar ta rubuta masa laifi ashirin. Farashin kuma da fam ake faɗa, kowane ɗalibi kowace shekara, kun san yadda naira ta koma tun 2023 ba sai na faɗa ba. Ga kuɗin wuta, tun da aka kai 'yan Band A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 manyan makarantu a faɗin ƙasa suke kuka. In da ni ake tambaya, sola a laburare da wajen cajin waya da intanet mai ƙarfi a hostel sun fi min wannan kyamarar sau dubu.

An kuma yi zama a kan masu kutse. Misalin da ke bakin kowa a nan shi ne babban laburaren ƙasar, British Library, da aka kai wa hari a Oktoban 2023, aka kulle musu na'urori aka nemi kuɗin fansa kusan fam 600,000, suka ƙi biya, ɓarayin suka watsa bayanan a intanet, aka ɗauki watanni masu bincike ba sa samun abin da suke nema. Masu riƙe da sakamakon ɗalibai a laftof ɗaya tal da filashi a aljihu, ga ku ga Allah, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ku tuna tun 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a a Najeriya. Akwai maganar ƙananan satifiket na kwas ɗin wata biyu uku, na leƙa na fito, talla ta fi yawa.

Zaman da ya fi min amfani a wani ɗan ƙaramin ɗaki aka yi shi, ko cika bai yi ba, a kan shirya darasi don wanda waya kawai yake da ita. Wannan kam namu ne. Mun gani a 2020 lokacin korona ga yajin aikin ASUU na wata tara, aka sake wani na wata takwas a 2022, duk ɗan karatun da ya motsa a lokacin a WhatsApp da Telegram ya motsa. Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, kyauta ce tun 2002, manhajarta ta waya tana bari ka sauke darasi ka karanta ba data, kuma ABU ma tana da cibiyar karatu daga nesa, ke nan akwai waɗanda suka san kan abin a gida. Shawarar mai sauƙi ce, maimakon bidiyon awa ɗaya da zai cinye wa yaro datar sati, ka yi murya ta minti takwas, ka haɗa da handawut mai manyan haruffa da za a iya karantawa a fasasshen gilashin waya ba sai an yi ta ja da yatsa ba.

An fara kaɗa ƙararrawa, za a shiga zaman da ake magana a kan AI da harsunan da ba turanci ba, ina so in samu kujerar gaba don ina da tambaya a kan Hausa. Malaman da ke kallona daga Samaru da Kongo da FCE da Nuhu Bamalli, ku rubuto min mutum nawa ne a ajinku mafi girma kuma yaya kuke yi da asainmen yanzu, zan karanto su a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.