Amsoshin Tambayoyinku: Zan iya haɗa bindigar farauta da kaina?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Jos. Lokaci ya ƙure mana yau, labarai na jiranmu, ga saƙonni kuma sun taru. Ina tare da Yallaɓai, tsohon ɗan sanda da ya daɗe yana kula da ma'ajiyar makamai kafin ya yi ritaya, da kuma Baba Sarkin Baka, tsohon maharbi. Barkanku da zuwa.

Za mu fara da wani bawan Allah daga Nasarawa Gwong. Yana tambaya mene ne bambancin adaka da bindiga mai sakata da yake gani a hannun maharban Turai. Baba, a taƙaice.

Sarkin Baka: Adaka ta baki ake ɗura mata albarushi, a bi da tsumma, a zuba ƙarafa, a danna. In ka harba sau ɗaya ka kuskure, to kafin ka sake ɗuri gada ta kai Bauchi.

Yallaɓai: Ita kuwa mai sakata harsashi ne haɗaɗɗe ake sa mata. Ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya, kwanson da aka harba ya fice, ka tura gaba ta ɗauko sabo, ka mayar da hannun ƙasa ta kulle. Kowane harbi sai ka yi haka da hannunka.

Mai gabatarwa: To madalla. Sai babbar tambayar yau, wadda ta zo mana daga wurare da dama, Bukuru da Gangare da Anguwar Rogo duk sun aiko irinta. Amma zan karanta ta wani matashi mai walda a Dilimi. Ya ce yana kallon Amurkawa a YouTube suna sayen sassa daban-daban, wannan bututu, wannan kunama, wannan ƙota, su haɗa bindigar da ta dace da jikinsu, su je farauta, ran hutu kuma su gwada saiti a kan allo. Ya ce shi ma yana da hannu, katako ga shi nan a kasuwar Katako, shin zai iya haɗa tasa don harbin zomo da zabi? Yallaɓai, ga ka ga shi.

Yallaɓai: Ai wannan yaro ya tuna mini da Mak Fo. Lee-Enfield ke nan ta Ingila, harsashinta .303, tana cin goma. Nauyi gare ta, in ka yi fareti da ita a rana kafaɗarka za ta gaya maka. Amma wadda ta fi shahara cikin masu sakata ita ce ta Jamus, wadda Paul Mauser ya ƙera, ta 1898. Har yau yawancin bindigogin farauta masu sakata tsarinta suke bi. Su waɗannan Amurkawa da yake kallo, galibi a kan Remington 700 suke ginawa, wadda ta fito a 1962, don sassanta sun cika kasuwa a can. Mutum zai zaɓi bututu mai kauri in allo zai riƙa harbi, don ba ya saurin zafi, ko siriri in zai yini yana hawa dutse da ita a kafaɗa. Cikin bututun kuma akwai zane a murɗe, shi ke sa harsashi ya fita yana juyawa, ya tafi sak. Ƙota kuwa wasu katakon goro na Turawa suke so, wasu roba, don katako na kumbura da damina ya ɓata saiti...

Mai gabatarwa: Yallaɓai, ranka ya daɗe, ka kai mu Jamus ka kai mu Amurka, yaron nan kuwa yana Dilimi yana jira. Zai iya ko ba zai iya ba?

Yallaɓai: Ba zai iya ba. Doka ta hana.

Mai gabatarwa: Ɗan'uwa mai walda, ka ji ko? Doka ta hana. Yallaɓai, warware mana.

Yallaɓai: Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu da ita ake aiki, kashi uku ta raba bindigogi. Na farko haramtattu, irin su mashinga da fistol da bindigogin soja, waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Na biyu na amfanin kai, wato bindigar harbin tsuntsu wadda ba ta ɗura kanta, da bindigar farauta, har da ta iska, lasisinsu na hannun Sufeto Janar. Na uku su adaka, waɗannan Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izini. Duk wannan fa maganar riƙewa ce. Ƙerawa ko haɗawa wata magana ce daban. Lasisin riƙe bindiga bai ba ka damar haɗa ko da guda ba. Ƙera makamai aikin ma'aikatar gwamnati ne, irin DICON ta Kaduna da aka kafa a 1964, ko wanda hukuma ta ba izini a rubuce. Shigo da sassan ma daga waje, bututu ne ko kunama, ba tare da takarda ba, kwastan za su riƙe kayan su riƙe mai kayan.

Sannan ga wani tarko da samari ba su sani ba. Harsashin da suka fi gani a bidiyon nan shi ne .308, wanda a ma'aunin milimita ake kira 7.62. Dokarmu kuwa ta ambaci 7.62 da .303 ƙarara a cikin bindigogin soja. Abin da Ba'amurke ke harbin barewa da shi, a nan ya faɗa kashi na farko, hukuncin riƙe irin bindigarsa ba lasisi kuma ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda ya kunna rediyo yanzu. Riƙewa sai da lasisi, haɗawa kuwa ko kana da lasisin riƙewa ba ka da dama. Kuma ni a ganina, mu mutanen Filato ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Tun rikicin 2001 mun san abin da bindiga ta jawo mana, mun binne 'yan'uwa, Musulmi da Kirista. Jami'an tsaro in suka tarar da bututu da ƙota a shagonka, ba za su tsaya jin labarin zomo ba. Kai da ke da sana'a a hannu, kana ciyar da iyayenka, don Allah kada sha'awa ta kai ka gidan yari.

Yallaɓai: Ko da babu doka ma, ƙarfen ba irin na ƙofa da taga ba ne. Lokacin da harsashi irin wannan ya tashi, matsin da ke cikin bututu yana kaiwa wajen 60,000 a ma'aunin da mai faci ke sa wa tayar mota 32. Su can ma da kake gani, mutum ba ya narka ƙarfe a bayan gida. Kamfani ke yin sassan, ƙwararren maƙeri ya auna tazarar da ke tsakanin sakata da harsashi da ma'auni na musamman. In tazarar ta wuce da kaurin gashi kaɗan, kwanso na iya fashewa, fuskarka kuma tana nan daidai bayan sakatar.

Sarkin Baka: Wannan gaskiya ne. Akwai abokin farautata, adaka ce ma ba wannan ba, ya cika mata albarushi don yana son ta yi ƙara. Yatsu biyu suka rage masa a hannun hagu, babba da ƙarami. Da su yake riƙe carbi har ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Mu a da, yaro sai ya shekara yana bin manya da gora da kare kafin a bar shi ya taɓa kunama. Ya san sawun gada, ya san na zomo, ya san inda iska ke kaɗawa. Yanzu kuwa kowa bindiga yake tambaya, ba mai tambayar daji.

Mai gabatarwa: Amin, Baba. Mai walda, in har da gaske farautar kake so, ka nemi ƙungiyar maharban unguwarku ka bi su, batun lasisi kuma ka je hedikwatar 'yan sanda ta jiha da ƙafarka. Ka dai sani cewa a Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, saboda haka duk wanda ya tare ka a hanya ya ce kawo kuɗi zai fito maka da takarda, ka riƙe kuɗinka.

Saura minti biyu. Wata baiwar Allah daga Rikkos ta ce maigidanta ya gaji bindiga daga mahaifinsa, tana bayan ƙyaure ga yara a gida. Hajiya, lasisi ba a gadonsa, da sunan marigayi aka bayar. Ki lallaɓa maigida ya kai ta ofishin 'yan sanda ya karɓi shaida, kafin nan kuma ta bar bayan ƙyaure yau ɗin nan, a kulle ta, harsashi a wani wuri daban.

Wani daga Farin Gada yana tambaya ko ana farauta a Yankari ko Pandam. A'a, gandun daji ne, an hana. Masu cinna wa daji wuta da rani don ɓera da gafiya kuma, ku ji tsoron Allah, gonakin mutane kuke ƙonawa.

Na ƙarshe, ɗalibi daga Jami'ar Jos, shi gwada saiti kawai yake so, ba ruwansa da nama. Yallaɓai ya riga ya faɗa, bindigar iska ma sai da lasisi, ko da yake da ita ake gasar mita 10 a wasannin Olamfik.

Sarkin Baka: Ya zo in koya masa baka. Kwari da baka na nan a gidana, ga fili a bayan gari.

Mai gabatarwa: To ɗan jami'a, ka samu malami kyauta, sai dai ka riƙo wa Baba goro. Sauran saƙonni sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ga labarai.