Allurar Soket Ta Lanƙwashe: A Gyara Ko A Mayar Wa Mai Shago?

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Gombe. Yau ina tare da Injiniya, wanda ya daɗe yana gyaran kwamfuta a cikin garin nan, da kuma Malama, wadda ke koya wa ɗalibai harhaɗa kwamfuta. Abin da ya kawo maganar yau shi ne wani ƙanena ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi madabod na hannu daga Legas, wato babban faifan da ake harhaɗa sauran kayan kwamfuta a kansa, aka aiko masa ta mota, da ya buɗe kwali sai ya tarar wasu allurai a cikin soket ɗin furosesa, wato mazaunin ƙwaƙwalwar kwamfutar, sun kwanta. Injiniya, me ya sa wannan wuri yake da saurin lalacewa haka?

Injiniya: Wa'alaikumus salam, Malam. A da, alluran a jikin furosesa suke, soket kuwa ramuka ne kawai da ake zura su ciki. A shekarar 2004 kamfanin Intel ya fito da soket mai suna LGA 775, ya mayar da alluran cikin soket, ya bar ƙasan furosesa a shafe da ƴan ɗigo-ɗigo masu ruwan zinare. Lambar da ke jikin sunan ita ce yawan alluran, saboda haka LGA 1700 da ya fito a 2021 yana ɗauke da allurai 1700 a wurin da bai wuce girman akwatin ashana ba. Kamfanin AMD ya daɗe a kan tsohon tsari, domin furosesan AM4 yana da allurai 1331 a jikinsa, sai a 2022 ya koma irin na Intel da soket ɗin AM5 mai allurai 1718. Kowace allura a karkace take, tana lotsawa kaɗan idan an danne ta domin ta taɓa ɗigonta, kuma ko zaren tsumma ya maƙale mata aka ja, ta tashi daga layinta.

Malama: Shi ya sa nake hana ɗalibaina goge wurin da ƙyalle, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, hannu yana ƙaiƙayin sharewa. Amma Malam, ina so in ji abu ɗaya: da kayan suka iso, akwai baƙin murfin roba a kan soket ɗin?

Malam: Babu shi, Malama. A cikin leda kawai aka naɗe madabod ɗin, aka cusa takardu a gefe.

Malama: To a nan matsalar ta fara, kuma a nan hujjarsa take. Wannan murfin shi ne kariyar alluran a hanya, har kamfanonin da ke ƙera madabod sukan buƙaci a mayar da shi a kan soket kafin su karɓi kayan da aka dawo musu da su. Kayan da suka taso daga Legas zuwa Gombe a ƙarƙashin buhuna, ba tare da murfi ba, ba abin mamaki ba ne su iso da rauni. Abin da ya kamata ya yi a wannan lokacin shi ne ya ɗauki bidiyo tun yana yanke selotef ɗin kwali, ya haska soket da fitilar waya daga gefe, domin allurar da ta kauce takan yi ƙyalli dabam da sauran, ya tura wa mai shagon nan take, sannan ya ajiye kayan bai taɓa komai ba.

Malam: Gaskiya bai yi haka ba. Ya ɗauko allurar ɗinki ya fara ƙoƙarin tayar da su, sai washegari ya kira mai shagon, shi kuma ya ce lafiya lau kayansa suka bar hannunsa.

Malama: Ka ga inda haƙƙinsa ya suɓuce. Dokar kare masu sayayya ta tarayya ta 2018 ta amince da mayar da kaya masu aibi, kuma tun kafin ita malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Sai dai duka biyun suna tsayawa ne a kan tambaya guda, wato a hannun wa aibin ya faru. Garantin kamfani ma yawanci ba ya ɗaukar lanƙwasar allura, domin ana lissafa ta a cikin ɓarnar mai amfani. Da zarar ka sa ƙarfe a wurin, ba ka da yadda za ka nuna cewa haka ka same shi.

Injiniya: Na yarda da Malama, amma ina so in ƙara ɗaya gefen, domin na ga masu shago da aka zalunta su ma. Mutum zai saki furosesa daga sama ya faɗa da kusurwa, ko ya sa shi a juye bai duba alamar kusurwa uku da ke gefe ba, ya danne maƙulli da ƙarfi, sannan ya koma yana rantsuwa cewa haka aka sayar masa. Wanda ya san hannunsa ne ya yi ɓarnar, ya kawo mana gyara kawai, kuma sau da yawa ana dacewa.

Malam: Yaya gyaran yake, tun da a hannunka kayan ƙanen nawa suka ƙare?

Injiniya: Aiki ne na haƙuri da ido. Ina cire wuta da ƙaramin batirin madabod, in taɓa ƙarfe domin in sauke lantarkin da jiki ke tarawa a busasshen yanayi, in sa soket a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Da siririyar matsefata ko bakin allurar sirinji nake tura allurar kaɗan kaɗan, ina kwatanta ta da maƙwabtanta, har kanta ya daidaita da layi ta tsaye da ta kwance, tsayinta kuma ya zo ɗaya da nasu. Ba a kai ta gaba a dawo da ita baya, domin ƙarfen yana gajiya, lanƙwasa biyu ko uku sai ya karye. Abin da na fi tsoro shi ne allurai biyu su haɗu a kunna wuta a haka, domin hakan na iya ƙona furosesan da ya fi madabod ɗin tsada. Idan kuwa furosesan AM4 ne alluransa suka lanƙwashe, aikin ya fi sauƙi, har da katin banki ana bin layi a miƙar da su, ko a zura allurar cikin bakin fensir mai dannawa.

Malama: Idan kuma ta riga ta karye fa, Injiniya? Ɗalibai suna yawan tambayata wannan.

Injiniya: Ya danganta da aikin da take yi. Da yawa daga cikin alluran na kai wuta ne ko na mayar da ita, kuma suna da ƴan'uwa masu aiki iri ɗaya, saboda haka rasa guda ba lallai ya hana kwamfuta tashi ba. Amma idan ta layin ram ce, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ko ta katin hoto, za ka ga an sa ram biyu kwamfuta tana ganin ɗaya, ko allo ya ƙi kawo hoto gaba ɗaya. Ana iya cire soket ɗin dungurungum a sa sabo, sai dai da ɗaruruwan ƙwayoyin dalma aka manne shi daga ƙasa, aikin yana buƙatar injin zafi na musamman, kuma a kan madabod mai araha kuɗin aikin da na aikawa kan kusanci kuɗin wani.

Malama: Roƙona ga masu gyara shi ne, wanda aka miƙar wa allurai idan za a sayar da shi, a faɗa wa mai saye, domin allurar da aka taɓa ba ta komawa ƙarfinta na asali.

Malam: To na ƙanena fa, a ina aka tsaya?

Injiniya: Allurai biyar ne suka kauce. Na miƙar da huɗu, ta biyar kuwa ta riga ta karye tun a gida, kuma ta layin ram ce. Na gwada ramukan ram ɗin ɗaya bayan ɗaya, biyu na kusa da furosesa suna aiki, biyu na nesa sun mutu. Na mayar masa da ram ɗinsa duka cikin masu aikin, kwamfutar ta ga adadinsu cif, sai dai gudunta ya ɗan ragu tun da layi ɗaya take bi. Na bar ta a kunne tana gwajin ram tun daga azahar har magariba ba ta tsaya ba, sannan na kira shi ya zo ya ɗauka.