Hayar manhaja: wuraren da 'yan kasuwa ke zamewa

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana 'yan kasuwa, na gode da wannan dama.

A da, in kana son manhaja, sau ɗaya za ka biya, a miƙo maka faifai da lambar lasisi, ka yi ta aiki har kwamfutar ta tsufa. Wannan zamani ya kusa shuɗewa. Adobe, kamfanin manhajojin zane da gyaran hoto, ta koma tsarin haya, wato biyan wata-wata ko shekara-shekara, a 2013. Broadcom, wani babban kamfanin fasaha, ta sayi kamfanin manhaja na VMware a Nuwamban 2023, kafin shekarar ta fita ta sanar cewa ta daina sayar da lasisin dindindin. Yau galibinmu 'yan haya ne, kuma ni ban ga aibun haya ba, tana sauƙaƙa wa mai ƙaramin jari. Abin da ke damuna shi ne, Alhajin da ba zai karɓi shago a Kantin Kwari ba sai ya ji wa'adi da sharaɗin tashi, shi ne zai danna "na amince" bai karanta ko layi ɗaya ba.

Mu ɗauki maganar biya wata-wata. Za ka ga farashi mai sauƙi an rubuta shi da manyan baƙaƙe, ka ɗauka duk watan da ka ga dama za ka tsaya. A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, an ce yarjejeniyar ta shekara ce, biyan ne kawai aka rarraba maka. A kan wannan ne hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta kai Adobe kotu a Yunin 2024, bisa zargin ɓoye tarar fita, wadda ta kai rabin kuɗin watannin da suka rage. Haka Microsoft 365, wato manhajojin ofis irin su Word da Excel, in ka saya ta hannun dillali: kwana 7 gare ka ka soke ko ka rage yawan masu amfani. Da sun wuce, ko ka sallami rabin ma'aikatanka, za ka biya kuɗin lasisinsu har wa'adi ya cika. Kuma in ka yi shiru, da kanta take sabuntuwa.

Sai yadda ake ƙirga. A Janairun 2023 Oracle, wani kamfanin manhaja, ta sauya tsarin lasisin manhajarta Java, ta koma lissafi da yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, har da na wucin gadi, dala 15 a wata kan kowane mutum ga ƙananan kamfanoni. Mai ma'aikata 200, ko da mutum 10 ne ke taɓa manhajar, dala 3,000 zai biya duk wata.

Batun dala kuwa kun fi ni sani. Kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Hayar dala 100 ta tashi daga kusan naira 46,000 zuwa sama da 150,000, alhali mai manhaja bai ƙara ko sisi ba. In akwai dillalin da zai daidaita maka farashi da naira na shekara guda, a rubuce, ka saurare shi.

To amma, jama'a, duk wannan asarar kuɗi ce, ana mayar da ita. Wadda ta fi tsorata ni ita ce ta bayanai. Lissafinka, sunayen masu bashi, kayan da ke sito, duk suna hannun wani, kuma yana iya rufe ƙofa ba da laifinka ba. Intuit ta janye manhajarta ta lissafin kuɗi, QuickBooks, daga Indiya a 2023, dole masu amfani da ita suka kwashe littattafansu suka nemi wani wuri. A Oktoban 2019 Adobe ta sanar da mutanen Benezuwela cewa za ta rufe asusunsu saboda takunkumin Amurka, sai daga baya ta samu izinin ci gaba.

Saboda haka tun a makon gwaji, kafin ka biya, ka sa akantanka ya zuba ciniki na kwana biyu, sannan ya sauke shi ya buɗe a Excel a gabanka. Ka duba da idonka: sunan mai bashi ya fito tare da adadin da ake binsa da ranar da ya karɓi kaya, ko kuwa lambobi ne a cakuɗe? Ka tambaya, in haya ta ƙare kwana nawa za a bar maka ka kwashe kafin a goge. Ku tuna kuma, a dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, ajiye bayanan abokan cinikinka a wurin wani bai sauke maka nauyinsu ba.

Akwai wani sakaci da ke tsakaninmu, ba ruwan kamfanin waje. Yaron da ya zo ya saka manhajar yakan yi rajista da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ranar da kuka rabu, lambar sirrin shiga wayarsa take zuwa, kai mai biyan kuɗi ka koma kana roƙo. Don Allah, in kun koma ofis gobe, ku buɗe shafin mai kula da asusu ku ga sunan wa ke kai. In ba na kamfani ba ne, a sauya shi tun ana zaman lafiya.