Cape Verde: Iska na Kaɗawa, Amma Dizal Bai Tafi Ba

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Ƙasar da za mu duba yau maƙwabciyarmu ce a ECOWAS, ko da yake yawancinmu a fagen ƙwallo muka san sunanta. Cape Verde tsibirai 10 ne a tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 daga gaɓar Senegal. Mutane na zaune a 9 daga ciki, kuma duka-duka ba su wuce rabin miliyan da kaɗan ba. Ba su haƙo fetur, ba su da kwal, ba su da babban kogin da za a datse. Tun samun 'yancinsu daga Fotugal a 1975, da dizal da baƙin mai da ake kawowa a jirgin ruwa suke kunna wuta. Kuma ku riƙe wannan: ƙasar fari ce, ruwan da ake sha a Praia, babban birnin, da Mindelo da tsibirin Sal, galibi na teku ne da aka cire wa gishiri da injin lantarki. Ranar da mai ya yi tsada a kasuwar duniya, har kofin ruwa sai ya ji a jikinsa.

Abin da Allah ya hore musu shi ne iska. Daga arewa maso gabas take busowa, wata da watanni ba hutu. A 2010 aka kafa gonakin sola a tsibirin Santiago, inda Praia take, da Sal, megawat 5 da 2.5. Sai babban aikin, na kamfanin Cabeólica, wanda ya fara ba da wuta a 2011: manyan fankoki 30 ƙirar Vestas, jimillar megawat 25.5. An kafa 11 a Santiago, 9 a Sal, 7 a São Vicente, 3 a Boa Vista. Bankin Raya Afirka da Bankin Zuba Jari na Turai suka ba da rance, cikin masu hannun jari kuma har da AFC, cibiyar zuba jari a manyan ayyukan Afirka mai hedikwata a Legas. Cikin ɗan lokaci iska ta ɗauke kusan kashi 20 cikin 100 na wutar ƙasar.

Daɗi ya ɗebi gwamnati, ta ce nan da 2025 wutarta gaba ɗaya daga iska da rana za ta fito. A ganina an yi azarɓaɓi. Yau burin ya dawo kusan rabi nan da 2030. Me ya hana? Ba iskar ce ta ƙare ba.

Ɗalibai, a nan nake so ku natsu. Ba a tara wuta a waya. Abin da ake samarwa da abin da ake sha dole su yi daidai a kowane daƙiƙa, in ba haka ba layi ya faɗi. A babbar ƙasa, in iska ta lafa a nan, wata tashar can za ta cike gurbin. A Cape Verde kowane tsibiri da nasa layin, ba wayar da ta haɗa su, ga teku mai zurfi a tsakani. Ku ɗauki São Vicente da ƙarfe 3 na dare. Gari ya yi barci, buƙata ta sauka, iska kuwa tana kan ganiyarta. Mai kula da tasha ba zai yarda ya kashe injinan dizal ba, don su ke riƙe da layin in iskar ta lafa farat ɗaya. Injin kuma yana da iyakar da ba a sauke shi ƙasa da ita. Sai a rage wa fankokin ƙarfi da gangan. Iska na wucewa a banza, mai na ƙonewa, Santiago da ke buƙatar rarar kuma ba hanyar aika mata.

Sannan iskar tana da lokacinta, takan yi rauni daga Yuli zuwa Oktoba. Sola ma da tata matsalar: ƙurar hunturun nan tamu tana tsallaka teku ta lulluɓe musu faifai, ruwan wankin kuma da lantarki aka tace shi.

Shi ya sa yanzu hankalinsu ya koma kan ajiya. A Santiago, mai duwatsu, ana shirin gina tafkuna biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In wuta ta yi rara a tura ruwa sama da famfo, in ta yi ƙaranci a sako shi ya juya inji. Sal kuwa shimfiɗaɗɗe ne, ba tudun kirki, ga otal-otal na 'yan yawon buɗe ido da ba su san a ɗauke wuta ba. Can sai batir, kuma an fara girkawa.

Ɗan'uwa na ga hannunka tun ɗazu, bismillah, a miƙa masa makirufo.