Jawabin Maraba Ga Mai Martaba Sarki A Ɗakin Adana Kayan Tarihi Na Jami'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Iyayenmu 'yan majalisar Sarki da hakimai. Shugaban Jami'a da muƙarrabansa. Malamai da ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin ma'aikatan wannan ɗaki ina yi wa Mai Martaba barka da zuwa, barka da sauka lafiya. Baƙin da muka saba gani a nan ba su wuce ɗalibin da lokacin miƙa kundinsa ya ƙure masa ba, sai wani Bature jefi-jefi da kyamara a wuya. Kakaki kuwa, bangon nan bai taɓa jin sa ba sai a cikin kaset. Yau ga shi an busa mana shi a bakin ƙofa. Mun gode, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

A cikin jami'a ana kiran mu 'yan tsofaffin takardu. Ba mu jin haushi, don akwai su. Ga ɗaya nan a kan tebur gaban Mai Martaba. Littafin fiƙihu ne na rubutun hannu, ganye-ganye, ba ɗinki, an haɗa shi a tadarishi aka sa a gafaka. A ƙasan shafi marubucin ya rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita, don ko iska ta watsar da ganyen a iya mayar da kowane mazauninsa. Idan an ɗaga ganye ɗaya ga hasken taga za a ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar. Wannan alamar masu yin takarda ce na arewacin Italiya. Ta jirgin ruwa takardar ta zo Tarabulus, ta hau raƙumi ta ratsa Sahara, kafin wani malami ya saye ta ya feƙe alƙalaminsa na gamba, ya dama tawada da ƙaro. Ke nan ganye ɗaya ya ba mu labarin fatauci tun ba mu karanta ko harafi ba.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gefen shafi. Nan almajiri ke rubuta ma'anar kalmar Larabci da ajami, da Hausa ko Fulatanci, yadda ya ji ta daga bakin malaminsa. A wannan littafin ma, a bangon ƙarshe, mai shi ya rubuta bashin da yake bin wani, ya kuma rubuta ranar da aka haifa masa ɗiya. Matanin littafin ana samun sa a kasuwa, an buga shi. Wannan rubutun gefe kuwa babu shi ko'ina a duniya sai nan.

Allah ya taimaki Sarki, wannan aiki ba mu muka fara shi ba. A 1954 masanin tarihi Kenneth Dike ya assasa ofishin adana takardun gwamnati a Ibadan, wanda daga baya ya yi reshe a Kaduna. A 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda masana tarihi irin su Abdullahi Smith da Murray Last suka dinga bin gidajen malamai suna ɗaukar hoton littattafai a kan siririn fim. Marigayi Wazirin Sakkwato Junaidu ya buɗe musu taskarsa, kuma da ita aka gyara yadda ake koyar da tarihin Daular Usmaniyya, aka daina dogara ga rahoton Turawan mulki kaɗai. A 1970 aka mayar da gidan Sardauna na Kaduna cibiyar bincike, wato Gidan Arewa. A Yamai ma, littattafan da marubucin Nijar Bubu Hama ya tara su ne tushen taskar rubuce-rubucen Larabci da ajami ta jami'ar can. Duk inda aka duba, wani mai gida ne ya yarda ya buɗe akwati.

Amma da littattafan malamai kaɗai muke ajiyewa, da tarihinmu ya zama na malamai da sarakuna kurum. A ɗaki na biyu akwai fayil-fayil na zamanin En'e: rajistar haraji da jangali, littattafan kotun alƙali, rahoton da Di'o ke rubutawa in ya fita rangadi yana ƙirga gidaje da shanu da marina. Bature ya rubuta su ne don ya san nawa zai karɓa, mu kuma yau da su muke sanin garin da ya taɓa cika da masaƙa alhali yanzu ko ɗaya babu. Na taɓa ganin wani dattijo ya zo da jikansa, rigimar gona ta ci musu shekaru. Kwana uku yaron yana buɗe rajistar alƙali, rana ta huɗu ya ci karo da sunan kakan kakansa, da iyakar gonar, daga tsamiya zuwa bakin rafi. Dattijon bai iya karatun ba, amma ya ɗora tafinsa a kan shafin ya daɗe bai ɗauke ba. Ban hana shi ba, ko da yake doka ta ce in hana.

Akwai jaridu, har da kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. Akwai taswirori da hotuna. Akwai kundayen digiri jibgi guda, waɗanda wasunsu tun ranar da aka ajiye su ba wanda ya buɗe, kuma laifinmu ne mu malamai da ba mu tura ɗalibai gare su. Abokan aikinmu na sashen tsirrai suna da tasu taskar, busassun ganyaye manne a takarda, kowane da sunansa na Hausa da wurin da aka tsinko shi. Na aikin gona suna da littattafan awon ruwan sama na shekara da shekaru, kuma duk mai gardamar ko damina ta canja, can ya kamata ya fara zuwa.

Sai murya. Wannan ne ɓangaren da ke hana ni barci. Muna da faifai da zaren rikoda da kaset: waƙoƙin fada irin na su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, kirarin maharba, hira da tsofaffin da suka ga zuwan Turawa da idonsu. Akwai wani zare da wani ɗalibi ya ɗauko a ƙauye, wata tsohuwa tana waƙar niƙa, ana jin gurzar dutsen a ƙarƙashin muryarta, can kuma zakara ya yi cara. Injin niƙa ya kashe wannan waƙa, ba mai yin ta yanzu. Takarda in ta sami inuwa da bushewa tana iya shekara ɗari uku. Zaren kaset kuwa manne wa juna yake yi, fim ɗin hoto ya fara warin tsami ya lanƙwashe, na'urar da za ta kunna su ma wuyar samu take yi. Abin da aka ɗauka shekara hamsin da suka wuce ya fi littafin zamanin Shehu kusa da halaka.

Kada kuma a ce kwamfuta ta raba gardama. Muna ɗaukar hoto muna sawa a ciki, kuma yana da amfani ƙwarai, don ɗalibi a Maradi ko Kumasi zai iya karantawa ta intanet ba tare da ya taɓa ganyen ba. Amma ina da faya-fayan kwamfuta na shekarun baya a aljihun tebur waɗanda babu injin da zai buɗe su a duk harabar nan. Abin da ya faru a Timbuktu a Janairun 2013, da 'yan bindiga suka cinna wa littattafai wuta a cibiyar Ahmad Baba, ya nuna amfanin kofe a wuri fiye da ɗaya. Mafi yawan littattafan garin sun tsira ne saboda mutane sun riga sun fitar da su a ɓoye zuwa Bamako. Mu a nan abokan gābarmu ba su da bindiga: gara ce, da kyankyaso, da laimar damina, da rufin da ke yoyo.

Ranka ya daɗe, baƙo ba ya zuwa a tare shi da roƙo, amma ɗa ba ya jin kunyar ubansa. Abin da ke cikin ɗakunan nan kaɗan ne a kan abin da ke cikin gari: a fada, a gidajen alƙalai da limamai, a cikin adudu ƙarƙashin gadon wata gwaggo da ta gāji littattafan mahaifinta. Mun san dalilin da ya sa mutane ke ɓoyewa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun kwashi wasiƙu a gidan Waziri Buhari, daga baya aka fassara su aka buga. Wasu kuma an karɓi littafinsu da sunan aro bai dawo ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Don haka ba mu ce a ba mu ba. Mu za mu je, da kyamararmu da burushinmu, mu zauna a zauren mai littafi, mu share, mu ɗauki hoto a gabansa, mu mayar masa da kayansa cikin akwatin da gara ba ta ci, mu ba shi kofe, mu rubuta sunan gidansu a jikin namu. In ya ce wani littafin na asirin gida ne, ba za mu buɗe ba. Mu in mun yi sallama, ma'aikatan gwamnati ake gani. Amma in Mai Martaba ya yi magana ɗaya, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, ƙofofin da muka shekara muna ƙwanƙwasawa za su buɗe. In kuma aka fara da taskar fada, to ba wanda zai ƙara tambayar mu ko lafiya.

Yanzu, in Sarki ya yarda, za mu shiga ciki. Ƙofar ƙarama ce kuma tsakanin kantocin a matse yake, don haka muna roƙon dogarai su yi mana haƙuri, mutum biyar-biyar za a dinga shiga. Mun ɗaura zaren tsohuwar nan a kan na'ura, ita za mu fara kunnawa.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya mayar da shi fada lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.