Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi a Tsohuwar Makarantar Lower Fox Creek, Jihar Kansas

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Girma Hakimi, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Dattawan da suka rako ka, iyayenmu mata, malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa, barkanku da hanya. A madadin 'ya'yanka mazauna Kansas, masu karatu da masu neman abinci, ina yi maka lale marhabin. Mun san nisan da ka keto, mun kuma san iskar da ke kaɗa rawaninka tun da ka sauko daga mota. Ka yi haƙuri da ita, nan gidanta ne, ba ta hutawa rani da damina.

Ranka ya daɗe, da muka zauna tsara ziyararka an yi 'yar gardama. Wasu suka ce a tsaya a jami'a da ke garin Manhattan, tunda akwai tsohon zumunci: malaman Jami'ar Jihar Kansas ne suka je Zariya a shekarun 1960, suka taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Can ma za mu kai ka, in Allah ya yarda. Amma mu da muka san irin ɗawainiyar da kake yi da makarantun ƙauyukan ƙasarka muka dage sai ka fara ganin wannan ɗaki guda na dutse da ke kan tudu, mai ƙaramar hasumiya a kansa.

Bari in fara da ƙasar, domin ba a gane makarantar sai an gane ta. Ana kiran wannan yanki Flint Hills, wato tuddan ƙanƙarar dutse. Ciyawar da ka gani ta rufe ko'ina 'yar uwar gamba ce ta jini, masana tsirrai ma gida ɗaya suka ajiye su, kuma a shekara mai ruwa takan shanye tsayin mutum a kwari. Irin wannan fili ya taɓa mamaye eka miliyan 170 a Arewacin Amurka, yau abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba, mafi yawansa a nan. Abin da ya cece shi dutse ne: garma ta kasa shiga tudu, sai manoma suka bi fadamun rafuka da masara da alkama, suka bar wa shanu tuddai. Kafin su kuwa ƙasar mutanen Kaw ce da Osej. Daga sunan Kaw, ko Kansa, jihar ta samo nata, amma a 1873 gwamnati ta kwashe su daga wajen Council Grove, arewa da nan, ta kai su yankin da ya zama Oklahoma. Ba zan ɓoye maka wannan ba, don shekara tara kacal ke tsakanin tashinsu da aza tubalin ginin nan.

Wani attajirin makiyayi mai suna Stephen Jones ya zo a 1878, ya haɗa gandun kiwo na kimanin eka 7,000. Ƙaton gidan dutsen da muka wuce nasa ne, an gama shi a 1881. Shi ya ba da filin makarantar, aka gina ta a 1882 da farin dutsen da aka fasa a yankin, aka fara karatu a watan Satumba na 1884. Amma kyautar da sharaɗi ta zo: ranar da aka daina karatu a wurin, fili ya koma hannun mai gandu. Ka riƙe wannan sharaɗi, ranka ya daɗe, zai dawo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake tafiyar da irin waɗannan makarantu. Tun 1785 dokar rabon ƙasa ta Amurka ta yanka filaye murabba'i murabba'i, kowane babban murabba'i kashi 36, ta ware kashi na 16 don amfanin makarantu. Kansas da ta zama jiha a 1861 ta samu na 16 da na 36. Wannan daga sama ke nan. Sauran aikin kuwa na maƙwabta ne. Su ke taruwa sau ɗaya a shekara, su yanka wa kansu haraji, su zaɓi mutum uku daga cikinsu, shugaba da magatakarda da ma'aji. Waɗannan ukun ke ɗaukar malami, su sayi makamashin hunturu, su gyara taga in ta fashe. In rufi ya yi yoyo babu wanda za a rubuta wa takarda a babban birni, wanda zai hau ya toshe yana cikin masu zaman taron, ɗansa kuma na zaune ƙarƙashin yoyon.

Malami ɗaya ne, galibi budurwa da ba ta fi manyan ɗalibanta da shekaru masu yawa ba, kuma sau da yawa a gidan iyayen wani ɗalibi take sauka. Ita ce shugabar makaranta, ita ce mai shara, ita ke riga kowa zuwa ta hura murhun ƙarfe kafin yara su iso da yatsu a sandare. Aji ɗaya zuwa takwas duk a ɗaki guda. Takan kira 'yan aji ɗaya su zo bencin gaba su biya, sauran na rubutu a allunansu na dutse, sannan ta sallame su ta kira na gaba. Ƙaramin yaro yana jin karatun manya shekara da shekaru kafin ya kai gare shi, babba kuma yana duba na ƙarami. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san wannan tsari, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Manyan samari ba a cika ganinsu ba sai an gama girbi, su zo da sanyi, su ɓace da an fara shuka. Wanda ya kai ƙarshen aji takwas ya je ya zauna jarrabawar gunduma.

A nan Lower Fox Creek yawan ɗalibai bai taɓa wuce 19 ba, akwai lokacin da ɗalibi guda ne tak. Ka dubi kaurin bangon nan, ka dubi yadda aka sassaƙa duwatsun kusurwa, sannan ka tuna don yara nawa aka yi shi. Ni dai duk zuwan da na yi wannan lissafin ne ke hana ni sakat.

A 1930 aka rufe ta. Ba gobara ba ce, ba rigima ba ce, yara ne suka ƙare. Injin noma ya rage buƙatar hannaye, ƙananan gonaki suka narke cikin manya, mota da hanya suka kusanto da makarantun gari. Gundumar Chase da muke ciki tana da mutum sama da 8,000 a 1900, a ƙidayar 2020 ba su kai 3,000 ba. Daga baya aka rushe hukumar makarantar, sharaɗin Jones ya cika, fili ya koma gandu, ɗakin karatu ya zama rumbun ajiye busasshiyar ciyawar shanu.

Masu ceton ginin kuma ba wasu manyan hukumomi ba ne. Ƙungiyoyin masu sha'awar lambu da furanni na wannan sashe na jihar ne suka ɗauki gyaransa a 1968, suka nemo bencina da kayan zamanin suka mayar. A 1974 aka sa shi cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. A 1996 gandun duka, kusan eka 11,000, ya zama wurin adana wannan ciyawa ƙarƙashin kulawar hukumar gandayen ƙasa, a 2009 kuma aka dawo da ɓaunayen Amurka da aka daɗe da ƙarar da su a nan. Yanzu yaran makarantu kan zo su zauna a bencinan, su ɗanɗana karatun kakanninsu.

Ranka ya daɗe, mun tsayar da kai a iska ya isa haka. Muna roƙon Allah ya sa ka gama ziyararka lafiya, ya mayar da kai ga jama'arka lafiya, ka kai musu gaisuwarmu. Yanzu sai ka yi mana jagora zuwa ciki, a kula da matakalar bakin ƙofa. In mun fito za mu gangara gidan Jones, inda iyayenmu mata suka taho da tuwo da miyar kuka tun daga Manhattan, suna ta faman kada ya huce. Bismillah, ranka ya daɗe.